Salansar bindigata ta ƙi kwancewa, in jiƙa ta a ruwan khal?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ni ɗan Katsina ne, yanzu haka ina gida hutu, amma aikina a wata gonar kayan lambu yake a arewacin Ingila. Zomaye na yi mana ɓarna ƙwarai, shi ya sa na nemi lasisi aka ba ni, ina riƙe da ƙaramar bindiga mai cin harsashin .22 da salansa, wato abin rage ƙarar harbi, a bakinta. Tun da na saye ta ban taɓa buɗe salansar ba. Kafin in taho na ji ta ƙara nauyi, ƙarar harbin ma ta ƙaru, na murɗa ta ƙi fita daga bakin bindigar. Wani abokina ya turo mani bidiyo, wai a haɗa ruwan khal da haidirojin ɗin da ake wanke ciwo da shi a jiƙa ta ciki. Wani kuma ya ce in taho da ita hutu mai zuwa a kai wa masu walda su gasa ta. Wanne zan bi?

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗana. Kada ka bi ko ɗaya.

Bari in fara da na biyun, domin shi ne zai iya kai ka gidan yari. Lasisin da ke hannunka na Ingila ne, ba ya tsallako ruwa. A can, dokar makamai ta 1968, yadda aka kafa ta, ta lissafa salansa a cikin abin da ta kira makami, ba ta ɗauke ta a matsayin kayan ado ba. A nan gida kuma muna ƙarƙashin dokar 1959, wadda ta sa lasisin bindigar farauta a hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, na bindigar gargajiya mai ɗuri ta baki kuma a hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Ka dubi halin da jiharmu ke ciki na 'yan bindiga, sannan ka ƙaddara an buɗe jakarka a filin jirgin Kano, ko a wani shinge kafin ka shigo gari, an ga abin rage ƙarar bindiga. Wa zai tsaya ya saurari labarin zomaye? Ka bar ta inda takardarta take. Gashin da ake maganar yi kuwa, dalma na narkewa a zafin digiri 327, wutar mai walda ta wuce nan nesa ba kusa ba. Hayaƙin da zai tashi guba ne, shi da yaran shagonsa za su shaƙa, kuma alminiyam ɗin da aka ƙera yawancin irin waɗannan salansa da shi zai yi laushi ya lanƙwashe.

Yanzu ga abin da ke cikin bututun. Salansa ba wani sihiri ba ne. Bututu ne da aka jera ƙananan faya-fayai a ciki, kowanne da huda a tsakiya, aka raba cikin gida-gida. Iskar da ke biyo harsashi tana shiga gidajen nan ta baje, ta huce, ta fita a hankali maimakon ta fashe gaba ɗaya. Ba'amurken da ya yi rajistar ƙirar a 1909, Hiram Percy Maxim, kamfaninsa har salansar injuna ya ƙera, dabarar ɗaya ce. To duk abin da iskar nan ta ɗauko, a cikin gidajen take sauke shi. Harsashin .22 LR kuwa, duk da ƙanƙantarsa, ya fi manyan harsasai ƙazanta. Tsohuwar ƙira ce, tun 1887. Kansa dalma ce tsirara mai nauyin wajen giram 2.6, babu rigar tagulla mai kauri irin ta manyan harsasai, sai kaki da aka shafa masa don ya zame a bututu. Sinadarin da ke tayar da wutar, wanda ke cikin gefen gindin kwanson, shi ma yawanci akwai dalma a ciki, da garin gilashi. Kowane harbi yana fesa ɓurɓushin dalma da narkakken kaki da albarushin da bai gama ci ba da tsakin gilashin nan a jikin faya-fayan. Yau kaɗan, gobe kaɗan, har ya zama ƙanzo irin na gindin tukunyar tuwo, mai launin toka, mai tauri, wanda ke liƙe faifai da bututu su zama abu ɗaya. Nauyin da ka ji ke nan.

Saboda haka bidiyon abokin naka ba ƙarya ya yi ba, haɗin yana cin dalma. Matsalar ita ce abin da yake mayar da ita. Dalmar da ke manne a ƙarfe, in ba ka kankare ta ta zama ƙura ba, tana nan inda take. Da zarar ruwan khal da haidirojin sun narkar da ita, ta zama wani gishirin dalma da ke narkewa a ruwa, wanda jiki ke saurin sha. Abin da ya fi tayar mani da hankali, gishirin nan zaƙi gare shi, kuma ruwan ba ya nuna alamar haɗari. Mu da muka saba zuba komai a tsohuwar robar lemo mu ajiye bayan ƙofa, ka ga inda zancen ya dosa. Ba ka da inda za ka zubar da shi: in ka tuttula a magudana ka sa guba a ruwa, in ka zuba a ƙasa ka sa a gonar da kake ci daga gare ta. Ga shi kuma yana cin alminiyam, ka tsamo faya-fayanka ka gan su da ƙananan ramuka.

Mu 'yan wannan yanki bai kamata a yi mana dogon wa'azi a kan dalma ba. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na maƙwabciyarmu Zamfara, yara sama da 400 suka rasu saboda ƙurar dutsen zinare mai dalma da ake niƙawa a cikin gidaje. Ba a bakin rami suka same ta ba, a tsakar gida suka same ta, a tufafin iyayensu da tabarmar da suke rarrafe a kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a kira mara illa, kuma ƙwaƙwalwar ƙananan yara ta fi saurin cutuwa. Abin da ke cikin salansarka bai kai wancan yawa ba, amma hanyar shigarsa gida iri ɗaya ce. Don haka aikin nan a waje ake yinsa, ba a ɗakin girki ba, da safar hannu ta roba, a kan tsohuwar jarida da za a naɗe in an gama. Ba a ci, ba a shan shayi, ba a tauna goro ana yi. In ka gama ka wanke hannu da sabulu har ƙarƙashin farce kafin ka yi alwala, kada ka kai ruwa baki da hanci da hannun da ya taɓa ƙanzon.

To yaya za a cire ta? Kafin komai ka zare gidan harsashi, ka buɗe bindigar ka leƙa da idonka, ka cire sakatar, wato ƙarfen da ke tura harsashi ya kulle bayan bututun, gaba ɗaya ka ajiye gefe. Ka jingine ta baki ƙasa, ka ɗiga man kwance tsatsa a daidai mahaɗar salansa da bututu, ka bar shi ya kwana. Washegari ka ɗumama gindin salansar da abin busar da gashi, ɗumin da hannu zai iya jurewa da ƙyar. Alminiyam ya fi ƙarfe buɗewa da zafi kusan ninki biyu, shi ya sa ɗumi kaɗan ke sassauta shi daga bakin bututun. Ka naɗa mata guntun tsohon tiyub ɗin keke don hannunka ya kama, ka murɗa. Kada ka sa filaya, kada ka sa sifanar masu famfo. Bututun siriri ne, kana matsa shi zai lotsa, kuma salansar da ta lotsa ta tashi daga aiki. In ta ƙi, ka sake ɗiga mai ka ba ta wani kwanan. Haƙuri ne maganin wannan matakin, ba ƙarfi ba.

In ta fita, sai buɗe cikinta, in dai irin mai buɗewa ce, domin akwai waɗanda aka rufe daga masana'anta. Ka cire zoben roba in yana wajen da hannu zai kai, saboda mai na kumbura wasu robobin. Ka nutsa ta a kwalbar kananzir mai murfi kwana ɗaya zuwa biyu. Kananzir ba ya narkar da dalma, kakin da ya riƙe ƙanzon yake tausasawa, kuma abin da muke so ke nan. Ka kwance murfin da makullin da aka sayar maka da ita, ka tura faya-fayan da sandar katako, kana ɗan bubbugawa a hankali. Ga inda mutane da yawa ke kuskure: suna zazzage su a kwano, in an zo mayarwa a rasa wane ne na gaba. Ka jera su a kan jarida yadda suka fito, ka ɗauke su hoto da wayarka, domin a wasu ƙirar na farko ya bambanta da sauran, kuma kowanne yana da fuskar da ke kallon bindiga.

Kankarar da jiƙa ake yinta, ba a bushe ba, don kada ƙura ta tashi. Tsinken katako ko guntun roba mai tauri da tsohon buroshin haƙori sun isa. Za ka ga ƙanzon na ɓantarewa ɓawo-ɓawo, na faifan farko da ke kusa da bakin bindiga ya fi kauri, na can ƙarshe sau da yawa baƙin toka ne kawai da tsumma ke gogewa. Kada ka sa buroshin waya a injin huda ƙarfe, kada ka goga takardar yashi, kada ka hura da iskar famfon taya. Sodar yin sabulu da maganin wanke murhu su ma a nisanta su, cinye alminiyam suke yi. Kuma ba sai ta yi ƙyalli ba. Abin da ake nema, hudar tsakiya ta fita tas, gefen faya-fayan da cikin bututun su yi santsi yadda za su zame, datti kuma ya fita daga tiredin, wato zaren ƙarfen da ake murɗawa a kai. Baƙin da ya rage a lungu ba ya hana ta aiki. Kananzir ɗin da ya yi baƙi da jaridar da tsumman, ka rufe su ka kai wurin karɓar shara mai guba na ƙaramar hukumarku ta can.

Wajen mayarwa, ka shafa giris kaɗan a tiredin murfi da gefen faya-fayan, ɗan abin da zai sa su fita cikin sauƙi a karo na gaba. Ka ɗaura ta a bindiga da hannu kawai, ta zauna daram a kafaɗar bututun, wato tudun da ke bayan tiredin. Sakata na cire, ka leƙa daga baya ka fuskanci haske: da'irar hasken ta zama cikakkiya, a tsakiya. In ka ga gefen faifai ya shigo ta ɓangare ɗaya, kada ka harba. Wani lokacin datti ne a kafaɗar, wani lokacin kuma tiredin ne bai dace ba, domin na Ingila yawanci rabin inci ne mai zara 20 a inci, na Amurka rabin inci mai zara 28, a ido kuwa kamar ɗaya suke. Bayan nan ka gwada a takarda kafin ka koma kan zomo, tunda nauyin da ka rage a bakin bindiga na iya sauya inda harsashi ke sauka.

Ƙarar da ka ce ta ƙaru, ba lalle laifin datti kaɗai ba ne. Gaskiya ne ƙanzo na cinye filin da iska za ta baje, amma ka lura da lokacin da ka fara ji. Salansa na rage ƙarar bakin bindiga ne kawai, ba ta iya komai da tsawar da harsashi ke yi in ya wuce gudun sauti. Gudun sauti kuma da zafin gari yake tafiya: wajen mita 343 a daƙiƙa a digiri 20, ya sauko kusan 331 in sanyi ya kai na ƙanƙara, a zafin Katsina na watan Afrilu kuwa ya haura 350. Harsashin da ke gudu dab da iyakar zai yi shiru lokacin zafi, ya riƙa tsawa da asubahin hunturun Ingila. Ka duba kwalin, ka nemi wanda aka rubuta gudunsa ƙasa da na sauti, irin mai mita 320 zuwa ƙasa.

Abu ɗaya da nake zargin shi ya jawo maka wannan wahalar: barin salansa a bakin bindiga bayan an dawo daga gona. Mu da muka tashi inda iskar hunturu ke busar da wanki kafin a gama shanya, ba mu saba jin tsoron laima ba. Can ba haka ba ne. Ƙonewar albarushi na fitar da tururi, ka shigo da ƙarfe mai sanyi ɗaki mai ɗumi ya yi gumi, ruwan ya haɗu da tokar ya gangara kan tiredi da bakin bututu. Bakin bututun nan kuwa shi ne abu na ƙarshe da harsashi ke taɓawa, in tsatsa ta ci shi saiti ya tafi. Kowane dawowa ka kwance ta, ka goge bakin bindigar da tsumma mai ɗan mai, ka tsayar da salansar ta sha iska. Duk harbi 300 zuwa 500 ka buɗe ta, tun ƙanzon bai yi ƙarfi ba, aikin ba zai wuce rabin awa ba. Ka kuma auna ta a sikeli bayan wannan wankin ka rubuta, nan gaba sikelin zai gaya maka lokacin da ta cika.

Tunda yanzu bindigar na can a kulle kana nan, ranar da ka koma ka fara duba bakin bututun kafin komai. In ka bi matakan nan sau biyu salansar ba ta motsa ba, ka kai bindigar gaba ɗaya wurin dillalin makamai mai rajista. Suna da abin riƙe bututu da ba ya ƙwarzane shi, kuma in ta kai ga a yanke ta, salansar .22 na cikin mafi araha a kasuwarsu. Tsohuwar ka bar masa ita a shagon, ka tambaye shi ko akwai abin da ya kamata a gyara a takardar lasisinka kafin ka ɗauki sabuwa.