Tebur ɗaya ya cika da maimaici

Tambaya: Ni ke riƙe bayanan wani shagon atamfa a Katsina. Tebur ɗaya ne a MySQL (manhajar adana bayanai a kwamfuta), duk ciniki sai na sake rubuta sunan mai saye da lambar wayarsa. Ina mafita?

Amsa: Malam, raba shi uku: masu saye, kaya, ciniki. Ba kowane mai saye lambar shaida wadda ba ta maimaituwa. Ita kaɗai za ta shiga teburin ciniki a madadin suna da lambar waya, JOIN (umarnin da ke haɗa tebur da tebur) ya haɗo sauran. Idan wata mai saye, a ce Hajiya, ta canza layi, wuri ɗaya za ka gyara. A tsarinka na yanzu, in cinikinta ɗaya ne ka goge shi, lambar wayarta ta tafi ke nan. Amma farashin ranar saye, bar shi a teburin ciniki, don kada tsohon rasit ya canza idan atamfa ta yi tsada.