Yaron da ya ga tashin hankali yana ta zane: magani ne ko fami?

Tambaya: Likita, ɗan ƙanwata mai shekara 8 yana hannuna tun da 'yan bindiga suka afka wa ƙauyensu. Ya rage magana, yana firgita cikin dare. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce in ba shi takarda da fensir mai launi. To yanzu ba abin da yake zanawa sai gidaje na cin wuta da mutane a kan babura. Anya ba fama masa ciwon muke yi ba?

Amsa: Baiwar Allah, Allah ya saka miki da alheri kan riƙon yaron nan, ya ba shi lafiya. Kada ki karɓe takardar. Wutar da baburan suna cikin kansa tun kafin ya riƙe fensir. Firgici mai tsanani yakan zauna wa mutum a siffar hoto da ƙara da wari, baki ya kasa tsara shi ya zama labari, balle bakin yaro. Da ya sauke shi a takarda, abin ya koma gabansa, yana iya kallonsa, ya ƙara, ya goge, ya ninke ya ajiye. Wannan ɗan ikon yana da girma ga wanda aka yi wa abin da bai iya hanawa ba.

Hanya ce da likitoci suka sani. A Ingila wani mai zane, Adrian Hill, ya lura zane yana sauƙaƙa masa jinyar tarin fuka, ya shiga koya wa sauran majinyata, kuma tun shekarun 1940 aka fara ɗaukarta a matsayin hanyar jinya. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoton da ya duba bincike sama da 3,000 kan amfanin zane, kiɗa, waƙa, rawa da wasan kwaikwayo ga lafiya. Sai dai zanen gida taimako ne kawai. Jinyar sosai sai da ƙwararre.

Naki aikin zama kusa da shi. Kada ki ce "wa ya kashe wannan?", kada ki fassara masa zanen, kada kuma ki nuna wa maƙwabta. Ce masa, "Ba ni labarin wannan in kana so." In ya yi shiru, ki ƙyale shi. Ki riƙa adana takardun. Sau da yawa bayan makonni sai ka ga an fara samun rijiya a gefe, ko akuya, ko wani ya zo da ruwa yana kashe wutar. Ni irin wannan canjin nake nema kafin komai.

In gidanku ba a son zanen mai rai, akwai ginin laka, saƙar kaba, waƙe, ko tatsuniyar da shi zai ƙarasa ƙarshenta.

Amma in firgitar ta wuce wata guda ba sauƙi, ko zanen yana ƙara tayar masa da hankali har ya kasa barci, ko ya koma fitsarin kwance, ya ƙi abinci, ko ya ambaci son mutuwa, kada a tsaya jira. Ki kai shi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na babban asibiti mafi kusa, ko asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a Sakkwato, Barnawa a Kaduna, ko Maiduguri. Ki tafi da zanen nasa, likita zai so ya gani.