Ciki wata bakwai, fitsari na kufce min

Anti, assalamu alaikum. Shekarata 34, wannan ne cikina na biyar, yana wata bakwai. Da na yi tari ko atishawa sai fitsari ya kufce min. Rannan a gidan suna ina cikin dariya na ji zanina ya jiƙe, haka na maƙale a kan tabarma har mata suka watse. Alwala ma ba ta zama. Kishiyata ta ce yoyon fitsari ne ya fara kama ni. A cikin fari ban ga haka ba, me ya jawo?

'Yar'uwarki daga Zariya

Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinki, abokiyar zamanki ba ta canka daidai ba. Yoyon fitsari yakan biyo bayan doguwar naƙuda ne, kuma dare da rana yake zuba.

Naki kuwa, tsokokin ƙasan mara da ke riƙe mafitsara ne suka saki. Kai huɗu sun bi ta wurin, kowace haihuwa tana barin sawunta, musamman in jariri ya zo da girma. Ga na biyar yanzu ya danne mafitsara, ga sinadaran ciki suna sassauta jiki. Shekaru ma suna da nasu hannun, haka ƙiba, da tari mai naci, da taurin bayan gida, don yawan yunƙuri a banɗaki yana ƙara gajiyar da wurin. In ke ma'abociyar goro ce ko shayi mai kauri, ki rage, suna tsokanar mafitsara. Ruwa kam kada ki rage.

Ki riƙa matse gabanki kamar mai riƙe fitsari, ki ƙirga biyar, ki saki. Sau goma a jere, sau uku a rana, ko kina tsinke alayyafo za ki iya. Ba ranar ɗaya ake ganin amfaninsa ba, sai an yi makonni. In atishawa ta taso, ki riga ta matsewa.

Ranar awo ki faɗa wa nas, ban da kunya, a gwada fitsarinki da suga. Zafi wajen fitsari ko zazzaɓi alamar ƙwayar cuta ce, ba a jiran ranar awo. Batun alwala kuma, malamai sun yi wa mai irin wannan lalura sauƙi, ki tambayi malamarku a islamiyya.

Amma in kika ga ruwa fari yana ta zuba ba tsayawa, ba warin fitsari, ƙila faya ce ta fashe. Ki ɗauki katinki ki tafi asibiti nan take.