Mai tawali'u ne ko lumbu-lumbu wutar ƙaiƙayi?

Ɗan'uwa, ka ce wanda kake shirin haɗa jari da shi kullum kansa a ƙasa, ba ya musu, har laifinsa yake faɗa da bakinsa, amma zuciyarka ta ƙi kwanciya. Shekarata 19 ina sayar da atamfa a Kano, kuma har yau ba na iya rabe mai tawali'u da mayaudari da ido. Durƙuson iri ɗaya ne, tausasa muryar ma haka.

Na taɓa riƙe yara biyu a shago. Na farko, in ka yaba masa sai ya ce "Alhaji, ni wane ne?" Wata rana ya kawo min naira 500, wai kuskuren canji ya yi, har da ƙwalla. Daga ranar na miƙa masa makulli. Ashe da ɗari biyar ɗin nan ya sayi yardata. Sai da muka zauna lissafin ƙarshen shekara na ga ramin da ya haƙa. Da na tuhume shi bai ɗaga murya ba ko kaɗan, cewa ya yi "ba komai, talaka dama ba a yarda da shi." Wallahi ni na koma ina ba shi haƙuri! Nan gwanintarsu take: su yi ɓarna, kai ka kwana da jin kunya.

Na biyun ba shi da daɗin baki, har haushinsa nake ji. Amma ko ba na nan, in atamfa tana zuba zai gaya wa mai saye, cinikin ya tashi.

Masana halayyar ɗan Adam biyu a Kanada, Ashton da Lee, sun ware gaskiya da tawali'u a matsayin hali guda, kuma bincike ya nuna mayaudara can ƙasa suke a ma'aunin wannan hali. Kwaikwayon alamomin kawai suka iya. Sayyidina Umar ma, da wani ya zo shaidar mutum, tambayarsa ya yi: maƙwabcinka ne, kun yi tafiya tare, kun yi hulɗar kuɗi?

Ka lura da yadda wanda za ku haɗa jarin yake yi wa ɗan dako da almajiri. Sannan ka ce masa sai an rubuta yarjejeniya gaban shaidu, ayar bashi ta 282 a Baƙara ta ishe ka hujja. In ya ce "haba, ashe ba ka yarda da ni ba?" to ka riƙe kuɗinka tukuna.