Zauren Fasaha: Amsoshin Tambayoyinku Kan Gyaran Hoto

Wasiƙun wannan karo yawancinsu daga Kebbi da Zamfara suka zo, kuma kusan duk kan gyaran hoto ne a kwamfuta ko a waya. Mun zaɓi biyar.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Gusau, ina da tsohuwar laftof mai ƙwaƙwalwar aiki gigabayit 4. Ina so in koyi gyaran hoto don in riƙa haɗa katin ɗaurin aure da fosta. Wani ya ce zai saka mini Photoshop na bayan fage da kuɗi kaɗan. In karɓa?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka karɓa. Tun 2013 kamfanin Adobe ya mayar da Photoshop na haya, ana biya wata-wata ko shekara-shekara. Wanda ake sakawa ta bayan fage sau da yawa da ƙwayar cuta yake zuwa, kuma sabon Photoshop aƙalla gigabayit 8 yake buƙata, zai yi ta sanƙarewa a injinka. Ka sauke GIMP, wata manhajar gyaran hoto, daga shafinsa na asali. Kyauta ne, tun 1996 ake amfani da shi, kuma samfurin 3.0 ya fito a watan Maris na 2025. Da zarar ka saka shi, ba ya neman data.

Kafin ka taɓa kowane hoto, ka kwafe shi zuwa wata jaka daban, ka yi aiki kan kwafin. Asalin hoton dukiyar mai shi ce, idan ka lalata shi ba ka da inda za ka samo wani.

Abu na farko da za ka koya shi ne abin da manhajar ta rubuta Layers, wato shimfiɗu. Ka ɗauka kamar ledoji ne farare sal da ake gani ta cikinsu, an jera wata kan wata: hoton ango a guda, rubutu a guda, adon gefe a guda. Amfaninsu yana fitowa ranar da uban amarya ya aiko cewa an ɗaga ranar biki. Idan kwanan watan yana shimfiɗarsa shi kaɗai, gyaran minti ɗaya ne. Idan ka narkar da komai wuri guda, sai ka sake aikin daga tushe.

Na biyu, bambancin ajiyewa da fitarwa, kuma a nan sababbin shiga suka fi ruɗewa. Idan ka danna Ctrl da S, GIMP zai ajiye maka fayil mai ƙarshen XCF, wanda ke riƙe da shimfiɗunka duka, amma ba zai buɗe a wayar kwastoma ba. Abin da za ka tura masa sai ka shiga File, ka zaɓi Export As, ka rubuta sunan da ƙarshen JPG ko PNG. Ka riƙe duka biyun. Kuma ka saba wa yatsunka da Ctrl da S duk bayan minti biyar, musamman idan batirin laftof ɗin ya gaji, don wuta ba ta sallama kafin ta tafi. Kuskure kuwa Ctrl da Z ke mayar da shi. Sati biyu kan waɗannan, da yanke hoto da rubutu, ya fi maka sauke tarin ado daga intanet.

Tambaya: Ni tela ce a Birnin Kebbi. Idan na ɗauki hoton kayan da na ɗinka, farar shadda takan sa fuskar mai sanye da ita ta yi duhu, atamfa kuma launinta ya canza. Waya kawai nake da ita.

Amsa: Hajiya, wayar ta isa. Abin da ke faruwa shi ne kyamara tana auna hasken hoton gaba ɗaya. Da ta ga farin yadi ya cika wuri sai ta rage haske, fuska ta tafi da shi. Ki sauke Snapseed, na Google ne kuma kyauta. Ki buɗe Tune Image, ki ja yatsa sama ko ƙasa don zaɓar abin da za ki gyara, hagu ko dama don ragewa ko ƙarawa. Kada ki fara da Brightness, domin zai haska har da shaddar, aikin zaren da kika sha wahala a kai ya ɓace. Ki ƙara Shadows, mai haska wurare masu duhu, zuwa kamar 30 ko 40, ki rage Highlights, wato wurare masu haske, kaɗan. Idan fuskar ba ta fito ba, ki ɗauki Selective, ki ɗora ɗigo a kanta, ki haska wurin shi kaɗai.

Launin atamfa kuwa laifin fitila ne: wani ƙwai yana zuba ruwan ɗorawa, wani shuɗi. A cikin White Balance akwai alamar abin ɗiga magani, ki ɗora ta kan wani abu da kika san fari ne a hoton, sauran launukan za su daidaita. Dabara mai sauƙi ita ce ki ajiye farar takarda a gefen kayan lokacin ɗauka, ki yanke ta daga baya. A guji cika Saturation, wato kaifin launi. Mai saye da ta ga ja jawur a waya, aka kai mata wanda bai kai haka ba, ba za ta dawo ba. Wurin da rana ta ƙone ya zama fari fat kuma babu manhajar da za ta dawo da shi, don haka ki ɗauka a inuwa, da safe ko bayan la'asar.

Tambaya: Daga Argungu nake. Na haɗa bana ta ƙafa 3 da ƙafa 6 don walimar sauka. A kwamfuta ta yi kyau, amma da aka buga, fuskokin yaran suka fito dishi-dishi. Mai bugawa ne ya cuce ni?

Amsa: Malam, da wuya laifinsa ne, lissafi ne bai cika ba. Kowane hoto ƙananan ɗigo ne da ake kira fiksel, kuma adadinsu ƙayyadadde ne. Banarka inci 36 ne da 72. Abin da za a kalla daga nesa, fiksel 100 a kowane inci ya wadatar, ka ga kana buƙatar fili mai fiksel 3600 da 7200 tun daga farkon aikin. Hoton da aka turo ta WhatsApp a hanyar da aka saba, manhajar tana matse shi, sau da yawa tsawonsa ya koma kusan fiksel 1600. Raba 1600 gida 72, abin da zai fito kusan fiksel 22 ne kawai a inci. Dishi-dishin ke nan. Wanda aka ɗauko daga fuskar waya, ko daga sitatus ɗin wani, ya fi wannan muni.

Maganin yana wajen karɓar hoto. Ka ce a turo maka shi a matsayin Document, ko a kwafo ta kebul. Waya mai megafiksel 12 tana ba da 4000 da 3000, wanda zai ɗauki fuska a bana ba tare da matsala ba. Da ka buɗe hoto a GIMP, dubi saman taga, girmansa na nan a rubuce. Kada ka yaudari kanka da shiga Scale Image ka mayar da 1600 zuwa 7200, ko ka canza adadin fiksel a inci daga 72 zuwa 300 a akwatin bugu. Manhajar za ta miƙe abin da ke akwai ne kawai, ba za ta ƙirƙiro idon da kyamara ba ta kama ba.

Abin da ake riƙewa a hannu, kamar kati ko kalanda, shi ke son 300 a inci: takardar A4 ta zama 2480 da 3508. Sannan allo da haske yake haɗa launi, injin bugu da tawada huɗu, shi ya sa kore mai ƙyalli da shuɗi mai kaifi sukan dusashe a bugu. Kafin babban aiki, ka biya a buga maka ɗan yanki ka gani da idonka.

Tambaya: Ina Talata Mafara. Idan na rubuta Hausa a fosta, haruffan ƙ da ɗ da ɓ sai su koma akwati, ko su fito da wata siffa daban.

Amsa: Salon rubutun da ka zaɓa ne ba shi da haruffa masu lanƙwasa, kuma yawancin masu ƙawa haka suke. Ka sauke Noto Sans, ko Andika, ko Charis SIL, duk kyauta ne kuma suna da su. Kafin ka yi nisa da kowane salo, ka gwada rubuta «ƙwarya, ɗaki, ɓawo», manya da ƙanana. Kada ka share lanƙwasar don gudun wahala, tunda «ƙafa» daban, «kafa» daban.

Tambaya: Ɗalibi ne ni daga Zuru. Shafin rajista ya ce hoton fasfo kada ya wuce kilobayit 50, nawa kuma megabayit 3 ne.

Amsa: A GIMP ka danna Shift da C, ka kunna Fixed, ka rubuta 35:45, ka yanke daga kafaɗa zuwa ɗan sama da kai. Sannan Image, Scale Image, ka saka 413 da 531, wato milimita 35 da 45 a ma'aunin fiksel 300 a inci, sai fa idan shafin ya faɗi nasa girman, to nasa za ka bi. Ka tabbata alamar sarƙar da ke tsakanin lambobin biyu a haɗe take, in ba haka ba fuskarka za ta miƙe ko ta baje. Ka fitar da shi JPG, ka sauke Quality zuwa 80, ka duba nauyinsa. In har yanzu ya wuce, ka koma kan aikin da ke buɗe ka fitar da 70. Kada ka buɗe wanda ka riga ka fitar ka sake matse shi, domin JPG duk fitarwa sai ya zubar da wani abu.