Amsa: Barin jariri a gidan raino zai taɓa halinsa?

'Yar'uwa, kin ce za ki koma aiki, kina tsoron barin ɗanki mai wata takwas. Abin dubawa shi ne hannun da zai riƙe shi.

A Romaniya, wani bincike da aka fara a 2000 ya bi yaran gidajen marayu. Waɗanda aka mayar hannun iyalai kafin su cika shekara 2 sun fi shaƙuwa da masu kula da su. A gidajen marayun kuwa, ma'aikaciya ɗaya ce ke fama da yara rututu a lokacin.

Ki kai ziyarar bazata. Jarirai nawa ke hannun mace ɗaya? In sun wuce huɗu, ki sake tunani. Ki lura ko tana ɗaukarsa in ya yi kuka, tana yi masa hira yayin canza kunzugu. Ki kuma tambaya ko ana yawan sauya masu rainon.