Da gaske ana maguɗi a tseren dawaki?

Malam, ka ce dokin baffanka ya sha kaye a sukuwa nan Sakkwato, kuma kana zargin an yi coge. Ban ga tseren ba, amma maguɗi kam akwai shi, har a ƙasashen da ke da ɗakunan gwaji. A Amurka, dokin da ake kira Medina Spirit ya ci gasar Kentucky Derby ta 2021, aka gano maganin rage kumburi mai suna betamethasone a jininsa, aka ƙwace nasarar a 2022. A Ostireliya kuwa, a 1984, shafa wa wani doki fenti aka yi don ya shiga tsere da sunan wani dokin daban mai suna Fine Cotton.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne allurar kashe zafi. Doki yana ɗingishi, a ɗirka masa ita, ya daina jin ciwon, ya yi ta gudu a kan ƙafar da ta riga ta tsage. Kashegari ka je barga ka tarar da shi ƙafa a kumbure, ya ƙi taɓa dusa. Wallahi wannan zalunci ne ga dabbar da ba ta da bakin kai ƙara.

Akwai kuma mahayin da ake toshe wa baki ya riƙe linzami, musamman inda caca ta shigo.

Amma kada ku ambaci sunan kowa ba hujja. Baffa ya nemi bidiyon tseren, ya duba hannun mahayin a zagayen ƙarshe, sannan ya kai koke a rubuce ga kwamitin gasar, ya nemi likitan dabbobi ya riƙa ɗibar jinin dokin da ya zo na ɗaya.